Ranar da ɗ da ƙ suka ɓace daga shafinmu

Har yau in na ga alamar tambaya a tsakiyar kalma sai gabana ya faɗi, walahi ko a saƙon WhatsApp ne. Wata biyu na yi ina bin kalma ɗaya-ɗaya ina maida mata harafinta, duk don na ƙi tsayawa in yi gwajin da bai kai minti biyar ba. Shi ya sa in wani ya tambaye ni wane tsari zai ɗauka ya gina shafi, ba na fara mishi da suna, sai in ce rubuta "ɗan ƙanƙanin ɓawon gyaɗa" ka gani tukuna.

A 2022 ne ƙungiyarmu ta manoma da ƴan kasuwa nan Maradi ta ce in buɗe mata shafi, tunda ni ne mai ɗan taɓa ordinatar a cikinmu. Abin da ake so ba shi da yawa, farashin tiyar hatsi da wake da gyaɗa da aya a kasuwar Maradi da Tibiri da Ɗan Issa da Tasawa, sai ɗan bayani kan ajiyar wake da maganin ƙwari da lokacin shuka, kuma duka da Hausa domin mafi yawan mutanenmu Faransanci ba ya shigar musu. Kafin nan Facebook muke zubawa, amma farashin wata uku da suka wuce in ka neme shi sai ka gaji da jan waya ba ka same shi ba.

Na yi kamar sati uku ina auna tsare-tsaren gina shafi. Blogger na fara, shi kyauta ne, Google ke riƙe da shi tun 2003, ba ruwanka da biyan masauki, wato kamfanin da ke ajiye maka shafi a intanet, ba ruwanka da sabuntawa, kuma yana buɗewa da sauri ko rezo ya yi rauni. In kai ɗaya ne kana rubuta ra'ayinka gaskiya ya ishe ka. Mu kam mu huɗu ne za mu rinƙa sa farashi, kuma ina son abin da yaran suka rubuta ya tsaya sai na duba kafin ya fita, ga tebur na farashi da nake so, sai na ga ya yi mana kaɗan. Wix ya fi su kyau a ido, ja kake ka ajiye kamar mai jera kaya a butik, amma ya yi mini nauyi a waya, kuma abin da ya fi kore ni shi ne ba ka iya kwashe shafinka yadda yake ka kai wani masauki, gidan haya ne. Joomla kwana biyu na yi a ciki na fito, ba don ba shi da kyau ba, sai don na san in na yi tafiya babu wanda zai iya riƙe shi a cikinmu. Drupal ko gwada shi ban yi ba.

Sai WordPress, ba na wordpress.com ba, wanda kake sauko da shi ka ɗora a masaukin da ka biya. Tun 2003 yake, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi, yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, wato duk matsalar da ka faɗa wani ya riga ka faɗawa kuma ya rubuta yadda ya fita. Yana da matsayi daban-daban na masu rubutu, akwai wanda zai rubuta amma ba ya iya wallafawa sai babba ya yarda, daidai abin da nake nema kenan. Kuma ina faɗa da babbar murya, har yau ban yi nadamar ɗaukarsa ba, shi bai yi mini komai ba.

Kuskurena tun wurin aunawar yake. Duk gwajin da na yi a sati ukun nan da Faransanci na yi shi. In buɗe, in rubuta ɗan sakin layi kan "marché", in sa hoto, in duba a waya, in ce madalla. Ko sau ɗaya ban rubuta Hausa mai ƙugiya ba. Shafin Hausa zan gina, amma na auna shi da harshen wasu, kamar wanda zai sayi jaki don ɗaukar yashi ya gwada shi da buhun ƙaiƙayi.

Alama ta farko ma ta zo mini da wuri na raina ta. Rigar shafin da na zaɓa, wadda suke cewa tem, rubutunta ba shi da ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, sai waya ta aro su daga wani salon rubutu, ka ga kalma duk haruffanta siriri amma ƙ ɗin ya fito ƙato ya karkace, a wasu tsofaffin wayoyi ma ɗan akwati ne ke fitowa. Wannan na gyara cikin yini ɗaya, na canza salon rubutun zuwa Noto Sans, akwai kuma Andika, su biyun duk suna da haruffanmu. Ta biyu kuma adireshin kowane rubutu, in take yana da ɗ sai ya koma %c9%97, ƙ ya koma %c6%99, ka tura a WhatsApp ya yi tsawo kamar igiyar guga har mutane su ji tsoron taɓawa su ce na ƴan damfara ne. Shi ma sauƙi ne, kafin ka wallafa ka gyara adireshin da hannu ka sa d da k marasa ƙugiya a nan kawai. Abu biyun nan ya kamata su gaya mini cewa haruffanmu ba kamar é da è ba ne a wurin na'ura, duk inda za a taɓa su sai an tsaya an duba. Ban ji ba.

Shafi ya tafi lafiya, musamman da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 farashi ya rinƙa tsalle, mutane har daga Katsina da Jibiya suna leƙowa su ga nawa tiya take a nan. Muka tara rubutu ɗari biyu da goma sha huɗu.

Da kakar 2024 kuɗin masauki ya zo ƙarewa, kamfanin ya ƙara kuɗi, ni kuma na samu wani da ya fi araha da jaka goma sha biyar a shekara. Jaka goma sha biyar fa. Na ce wa shugabanmu, Alhaji bari in rage mana kashe kuɗi, ya ce to malam kai ka san abinka, yi yadda ka gani. Daren wata Alhamis na zauna, kuran ya tafi, ina aiki da sauran cajin ordinatar da megan waya, ina gaggawa. Rubutun WordPress ba a cikin fayil-fayil yake ba, a rumbun bayanai na MySQL yake, sai ka shiga phpMyAdmin, manhajar da ake buɗe rumbun da ita, ka fitar da shi. A wurin fitarwar akwai inda ake zaɓen tsarin haruffa, yana kan utf-8 da kansa, da na bar shi yadda na tarar da shi da yau ba na wanga rubutu. Amma na kalli wani tsohon bidiyo na Faransanci, mai bidiyon ya ce a sa iso-8859-1 don é da à su fito daidai, ni kuma na bi shi. Shi gaskiyarsa ya faɗa, a tsarin nan yawancin haruffan Faransanci suna ciki. Namu ne babu. Kuma na'ura in ta rasa inda za ta sa harafi ba ta yi maka magana, alamar tambaya take dangwalawa a wurin ta wuce.

Na ɗora a sabon masauki, na buɗe shafin a waya, komai tsaf, ɗ na nan ƙ na nan. Ashe ba sabon nake gani ba, akwai fulogin, wato ƴar manhajar da ake ƙara wa WordPress, da na sa mai ajiye hoton shafuka don su rinƙa buɗewa da sauri, na kwaso ajiyarsa tare da sauran kaya, shi ke nuna mini tsofaffin shafuka masu lafiya alhali a ƙasa an riga an yi ɓarna. Na kwanta da murna. Tsohon masaukin na bar shi ya mutu, kwana tara tsakani suka share komai, kuma haƙƙinsu ne, ni na ce ba na sabuntawa.

Ranar da muka sa sabon farashi ajiyar nan ta wanke kanta. Ina kan kabu-kabu wajen Ali Ɗan Sofo sai ga kiran wani dattijo cikin membobinmu, ya ce malam lafiya shafinku yake ta yi mana tambaya? Ban gane ba sai da na tsaya na buɗe. "Farashin gya?a ya ?aru a kasuwar ?an Issa." Na buɗe na biyu, na uku, na koma na farkon farko na 2022, duka haka. Na zauna bakin wata rumfa na fi rabin awa ban iya tashi ba.

Wani zai ce ai sai ka ce wa na'ura ta maida duk alamar tambaya ta koma harafi. Wane harafi? Huɗu ne suka zama abu guda, takwas ma in ka haɗa da manyansu, ga kuma alamar tambaya ta gaskiya a ƙarshen jimla. "?aya" ɗaya ne ko ƙaya? "?an kasuwa" ɗan kasuwa ne mutum guda ko ƴan kasuwa? "?ari" ɗari ne ko ƙari ko ɓari, a shafin da duk maganarsa farashi ce? Sai mai jin Hausa ya karanta jimlar ya gane. Da a ce irin lalacewar nan ce da ɗ ke komawa É da ɗan layi, wannan tana gyaruwa domin harafin yana nan an dai karanta shi ba daidai ba. Alamar tambaya kuwa harafin ya tafi kenan. Kwafin ajiya guda da nake da shi a kile shi ne wanda na fitar daren nan, lalataccen. Ina da kwafi, ban taɓa buɗe shi na karanta ba.

Na roƙi tsohon kamfanin ko suna da wani abu a ajiye, suka ce babu. Wayback Machine na Internet Archive, mai ajiye kwafin tsofaffin shafukan intanet, ya cece ni da rubutu talatin da wani abu da ya taɓa ɗauka, Allah ya saka wa masu wannan aiki. Wasu na tsinto a Facebook inda muka taɓa liƙa su cikakku. Kalmomin da ba su da shakka kamar "?ungiya" da "gya?a" da "ku?i" na sa aka canza su gaba ɗaya, nan ma sai da na yi sabon kwafi kafin kowane canji don hannuna har rawa yake. Sauran kuwa da ido. Na ɗauki ɗalibai biyu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu karatun Hausa da kyau, kullum bayan la'asar mu zauna a zauren gidanmu, na biya su jaka sittin daga aljihuna domin kunya ba ta bar ni in kai wa ƙungiya wannan lissafi ba. Jaka goma sha biyar na je ragewa.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. A taron wata, wani daga cikinmu ya ce to mi ya sa ma muke wahalar da kanmu da ƙugiyoyin nan, a rubuta d da k kawai kowa ai yana ganewa, haka ake yi a waya. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, amma ya sosa mini inda ke ciwo. Na ce mishi yaya, kasa da ƙasa ɗaya ne? Baki da baƙi fa? Yaran da ke karanta shafin nan wasu a makarantun da ake koyar da Hausa suke, in mu manya muka yar da haruffan don na'ura ta ba mu wuya sau ɗaya, su wa za su gani su kwaikwaya? Kuma na'urar ba ta ƙi su ba, WordPress tun siga ta 4.2 a 2015 yake aiki da utf8mb4, tsarin haruffa mai ɗauke da namu, Gboard, allon rubutun waya na Google, na da allon Hausa, komai yana nan, ni ne na sa hannu na canza abin da ke daidai. Alhaji ya ce a bar ƙugiya yadda take, aka wuce wurin.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma duk wanda ya zo mini da maganar shafi haka nake sa shi ya yi ko yana jin haushi. Jimlar nan ta ɓawon gyaɗa, da manya da ƙananan haruffa, a sa ta a take, a sa ta a cikin rubutu, a sa ta a sunan rukuni, a duba a waya mai tsada a duba a ƴar ƙaramar Itel ta kasuwa. Sannan a fitar da kwafi, a buɗe fayil ɗin da ido a nemi jimlar a ciki, ba a tsaya ga ganin fayil ya sauka ba. Kwafin ma iri biyu nake yi, na rumbun bayanai da kuma wanda WordPress ke fitarwa da kansa a XML, ɗaya a kile ɗaya a Google Drive. In za a yi ƙaura a kashe fulogin mai ajiye shafuka tukuna a share ajiyarsa, kuma tsohon masauki a biya mishi ko wata ɗaya ne na ƙari, kar a sake shi sai an wallafa sabon rubutu a sabon wuri an buɗe tsofaffi goma an karanta.

Fulogin kuma na rage su, da goma sha bakwai ne yanzu shida, kowane ɗaya nauyi ne ga mai buɗewa da megan dala ashirin, kuma kowane ɗaya sai ka bi shi da sabuntawa in ba haka ba ƙofa ce ka bar wa ɓarayi. Wannan shi ne ainihin wahalar WordPress, shafin naka ne amma gadinsa ma naka ne, wanda ba shi da lokacin gadi ya tsaya a Blogger ba abin kunya ba ne.

Satin da ya wuce ma wata malama daga Madarunfa ta turo mini hoton wani rubutunmu na 2023 kan buhun ajiyar wake, a layi na bakwai an rubuta "a ?aure bakin buhu sosai". Ya tsere mana mu uku. Na gyara shi a tsaye a bakin masallaci kafin a tada sallar isha'i, na dawo gida na sake bin rubutun wancan watan gaba ɗaya, na samu wasu biyu.