Kafin ka sayi injin yanka itace, je ka dubi itacen

Ƙannena masu shirin shiga sana'ar itacen girki da inji, kada ku fara da shagon mai kaya. Ku fita da sassafe ku tsaya bakin hanyar da ke shigowa Maradi daga wajen Madarunfa, ku dubi abin da amalanke da motoci ke saukewa. Geza ce, da sabara, da taramniya, da rassan bedi da aka rage wa kai a cikin unguwanni. Yawancinsu kaurinsu bai wuce damtse ko cinya ba. Da shi iyayenmu mata ke tuƙa tuwo, shi kuma za ku wuni kuna yankawa. Injin da ya dace da wannan itace matsakaici ne, mai cc (ma'aunin girman inji) 45 zuwa 55, wanda wuƙarsa, wato dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, ba ta wuce santimita 40 ko 45 ba. Na ba ku amsar tun da fari domin ni sai da na sha asara kafin na same ta.

Da na fara, babba na saya. Na ga irin wanda masu tsaga katako a kurmi ke riƙewa, ajin Stihl 070 mai cc sama da 100 da nauyin da ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa wuƙa ba, sai raina ya ce mini wannan shi ne inji. A wurin aikinsa nagari ne, ba shi da laifi. Amma don itatuwan kurmi aka ƙera irinsa, ba don gezar Gabi da ke kudu da Maradi ba. Na samo wani na hannu mai wannan girman, rabin kuɗin kuwa bashi ne.

Kafin hantsi hannuna ya fara rawa. Wanda bai taɓa duƙawa yana daddatsa ƙananan rassa da kilo goma sha wani abu a hannu ba ba zai gane ba, kuma a wannan gajiyar ne ake jin ciwo. Mai yake sha ba ƙaƙƙautawa. Doguwar wuƙa haƙoranta sun fi yawa, wasa su aiki ne, kuma kullum bakinta na taɓo ƙasa.

Duk wannan asarar kuɗi ce da jiki, ana mayar da ita. Abin da ya fi ci mini rai daban ne, kuma shi nake so ku saurara da kyau. Inji babba yana canza abin da idonka ke nema. Geza ba ta biyan bashinsa, ba ta ma biyan mansa. Sai na wayi gari duk inda na bi manyan itatuwa nake kallo, ina lissafin amalanke nawa za su fita daga kowanne. Manyan itatuwan ƙasarmu kuwa su wane ne? Gawo, ƙirya, tsamiya, kanya, aduwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke tsaye a banza. Wata rana na kayar da ɗanyen gawo a gonar gidanmu. Da ƙanen mahaifina ya zo ya ga kututturen, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, ka san buhu nawa na hatsi ƙarƙashin iccen nan ya ba gidanmu?” Ban iya amsawa ba. Gawo da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa gero rana, ya zuba masa taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Abin da ya yi shekaru yana girma na gama da shi kafin shayi ya huce, kuɗin kuma ya tafi wajen mai bashi.

Mu 'yan Maradi mun fi kowa sanin darajar wannan. A yankin nan aka faro sassaben zamani a farkon shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, ya yi aiki da manoma kan barin tohon kututture ya tashi ya zama icce maimakon a share shi. Itatuwan da kuke gani a gonakin Agiye da Gidan Runji da Tasawa hannun iyayenmu ne ya rene su. Daga rassansu ake samun makamashi kowace shekara ba tare da an kashe uwar ba, kuma rage reshe aikin inji mara nauyi ne.

Saboda haka, kafin ka ba da ko dala, ka je wajen ma'aikatan gandun daji. Ƙasarmu tana da dokar daji ta 2004, gawo na cikin itatuwan da aka kare, kuma tun 1992 aka tsara yadda itacen girki ke shigowa manyan garuruwa ta kasuwannin itace na karkara, irin na dajin Baban Rafi. Ka tambaye su wane itace aka yarda ka yanka, a ina, da wane makami, kuma wace takarda za ka riƙe. Amsar da suka ba ka ita za ta nuna maka girman injin da kake bukata. Wataƙila ka tarar aikinka duka daddatsa busasshen itace ne a wurin masu sari, da rage rassan bedi a gidajen mutane, da kwashe abin da iskar farkon damina ta kayar. Aiki ne mai yawa, kuma na halak.

Da na rabu da babban, sai na faɗa ɗaya gefen. Na sayi wani ƙarami mai araha, an manna masa sunan babban kamfani a jiki, ashe jabu ne. Araha ba ta ado. Da sarƙarsa ta ƙare na zagaya babbar kasuwa ban samu daidai da ita ba, na aika Jibiya da Katsina, nan ma babu. Haka ya zauna a ɗaki.

Daga nan na koyi cewa wajen makanike ake fara ciniki. Ka je wurin wanda ke gyara irin waɗannan injuna da janareto, ka tambaye shi wane iri yake da kayan gyaransa a kusa: buji, igiyar tayarwa, matatar iska, fistan, sarƙa, wuƙa. Wanda ya ce yana da su, shi za ka saya, ko da wani ya fi shi suna. In aljihunka ya kai, kuma ka tabbata na asali ne, Stihl MS 250 na da cc 45 da 'yan kai, nauyinsa kilo 4.6, ya ishi yawancin aikinmu. Husqvarna 455 Rancher na da cc 55.5, nauyinsa kusan kilo 6, ya fi jure ƙirya da marke busassu. In bai kai ba, akwai na Sin da ake rubuta wa 5200 ko 5800, masu cc 52 da 58. Ba su kai waɗancan ƙarko ba, amma kayansu na shiga wa juna sau da yawa kuma ba su da tsada. A ganina na Sin da ya fito da sunansa na gaskiya ya fi jabu mai aron suna, domin aƙalla ka san abin da ka biya.

Maganar mai gajeriya ce, amma ita ta fi kashe injuna. Waɗannan injuna ba su da ma'ajin man inji daban, cikin esansi ake gauraya shi. Manyan kamfanoni suna cewa kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 na man 2T mai kyau a lita 5. Da yawa daga na Sin kuwa 1 cikin 25 suke so, mililita 200 a lita 5. Ka duba takardar injinka, ka auna da ma'auni, kada ka kintata da ido kamar yadda na yi har fistan ya ƙone. Esansin kwalba na bakin hanya ka tace shi da tsumma mai tsabta. Kada ka haɗa wanda zai wuce wata yana ajiye. Tankin man da ke shafa wa sarƙa kuma ba wurin juye baƙin man mota ba ne, datti da garin ƙarfen da ke cikinsa suna cin famfon mai da wuƙar.

Abin da babu mai shagon da zai gaya maka shi ne yashi. Itacenmu busasshe ne, mai tauri, gara ta lulluɓe shi da ƙasa, hunturu ya cika ɓawonsa da ƙura. Sarƙa na iya dakushewa a taɓa ƙasa sau ɗaya. Ka kankare ƙasar gara da adda kafin ka sa inji, ka ɗora itacen kan wani itace. Ka nemi sarƙa mai haƙoran da kusurwarsu ke da ɗan zagaye, ta fi mai kusurwa tsini jure datti. Ka sayi magagari daidai da ita, milimita 4.8 ga sarƙar da lambar girmanta .325 ce, 5.2 ko 5.5 ga mai lamba 3/8, ka roƙi makanike ya nuna maka yadda ake riƙe shi. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa. Da ka ga gari mai laushi na fita, kuma sai ka danna kafin ta shiga, tsaya ka wasa. Na daɗe ina zargin ƙarfin inji alhali haƙora ne suka mutu. Matatar iska kuma, a lokacin hazo kullum da yamma ake kaɗe ta.

Kada ka karɓi injin da birkin sarƙarsa ba ya aiki, ko kyauta ne. Shi ne abin nan da ke gaban hannun hagu. In saman bakin wuƙa ya taɓa itace, injin na yin tsalle ya nufo fuska cikin ƙiftawar ido, sarƙar kuwa tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa. Jallabiya da rawani mai jela da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. Ka sa wando mai kauri da takalmi rufaffe, ka kare ido, ka toshe kunne, domin ƙarar na cin ji a hankali ba tare da ka lura ba. Kada ka yanka sama da kafaɗarka, kada ka shiga daji kai kaɗai, kuma ka kori yara, don su da jin ƙarar inji sai sun taru.

In na hannu za ka saya, ka tafi da makanike. Ka ja igiya a hankali tun injin na sanyi, ya kamata ka ji tana turjewa sosai. A kwance salansa a leƙa fistan, in akwai zane-zane a jikinsa an taɓa ƙona shi. A tayar, a bar shi yana aiki ba a taɓa totur ba, sarƙar kada ta motsa. Sannan a nuna bakin wuƙar ga wani kwali a ba shi wuta, ka ga ko mai na feshi. Ka zo da guntun busasshiyar bagaruwa daga gida a yanka a gabanka. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan, ka yi masa sallama ka tafi shago na gaba.