Littafin Rajistar Waƙoƙin da Na Riƙe a Gidan Rediyo

Na yi shekara tara ina gabatar da shirin waƙoƙin Hausa a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Jos, kuma tun ranar da na fara aiki aka damƙa mini wani dogon littafi mai baƙin bango. Wanda ya koya mini aikin tsohon ma'aikacin rediyon gwamnati ne, shi ya ce duk waƙar da na saka in rubuta sunanta da na mai rerawa da na wanda ya yi kiɗan, tare da lokacin da ta fita. Ya bayyana mini cewa tasha tana biyan kuɗin lasisi ga ƙungiyar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta amince ta karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, ita kuma ƙungiyar da irin wannan littafi take sanin rabon kowa. A lokacin ƙungiyar COSON ce ke da wannan izini tun 2010, kafin a ba wata ƙungiyar, MCSN, nata a 2017. Na ɗauki rubutun a matsayin amana, ban taɓa tashi daga kujera ban cike shafin ranar ba.

Da Allah ya yi wa Ɗan Maraya Jos rasuwa a watan Yunin 2015, mun wuni muna saka kuntiginsa, masu saurare suna ta bugo waya, masu talla kuma suna rububin samun gurbi a tsakanin waƙoƙin. Bayan 'yan kwanaki wani dattijo makaɗin garaya ya zo daga Bukuru, ya zauna a bencin bakin ƙofa har na gama shiri. Hularsa ta koɗe, yana riƙe da tsohon kaset ɗinsa a cikin leda. Ya ce mini, "Ɗana, kullum ina jin muryata a wajenku. An ce akwai ɗan abin da ake tara mana, shi ne na ce bari in zo tun ina da sauran ƙarfi." Na ce, "Baba, sunanka yana rubuce, in sha Allahu zan bi maka sawu."

Bin sawun ne ya kai ni ɗakin ajiya da ke bayan janareta. A can na tarar da littattafan da na cike shekara da shekaru jibge a ƙasa, danshin damina ya manne shafukansu, gara ta cinye gefen wasu. Ba a taɓa aika ko ɗaya ba. Da na tunkari manajan tashar, sai ya lissafa mini kuɗin dizal da albashi da sabunta lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, sannan ya ce ai mawaƙan ne ya kamata su gode, tunda mu ke tallata su. Tsadar dizal gaskiya ce, na san ta. Amma a wannan shekarar ce mai tashar ya buɗe reshe na biyu a wata jiha.

Daga nan na lura da yadda kwaɗayi ke cinye tashar kanta. An rage shirina daga awa biyu zuwa rabin awa, aka sayar da sauran lokacin ga masu maganin gargajiya da sojojin baka na 'yan siyasa. Matashin mawaƙi kuma sai ya ba da na goro kafin a saka waƙarsa, wato wanda ya kamata a biya shi ne yake biya. Lokacin da dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, har tashar rediyon Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, fatan da aka yi shi ne muryoyi su yawaita, amma a tasharmu sai ya zama mai kuɗi kaɗai ake ji. Masu saurare ba su yi gardama da kowa ba. Sun koma wajen masu tura waƙa a memori a kasuwar Terminus ta Jos, daga baya suka koma Audiomack da YouTube, masu talla kuma suka bi su.

Kuskurena shi ne na yi ta rubutu ban taɓa tambayar inda littafin yake zuwa ba, ban kuma ajiye kwafi ba. Na kuma gano cewa dattijon bai taɓa yin rajista da kowace ƙungiya ba, don haka ko da an aika littattafan, babu ta inda kuɗin zai same shi. Shi ya sa yanzu duk mawaƙin da ya zo wurina nake matsa masa ya yi rajistar ayyukansa, kuma kada ya bar situdiyo sai an rubuta a takarda wane ne ya tsara baiti, wane ne ya yi kiɗa, da kason kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta taɓo har amfani da ayyuka a intanet, sai dai mai neman haƙƙi da ita dole ya zo da shaida a hannu.

Ranar da na ajiye aiki na roƙi littattafai huɗu da suka tsira, aka ba ni ba tare da ko tambaya ba. Dattijon ya riga ya rasu. Na yi kwafin duk shafin da sunansa ya fito, na hau mota zuwa Bukuru na miƙa wa babban ɗansa.