Yankees, garejinmu da gardamar da ta zaunar da ni a Bronx

Yau Lahadi, 28 ga Satumba, aka rufe wasannin besbol na kakar 2025, guda 162 cif, Yankees, ƙungiyarmu ta New York, sun ci 94 an ci su 68, Toronto ma haka, kunnen doki ke nan, amma da yake Toronto ta fi cin mu a karawar da aka yi tsakani a bana sai aka ba su kan rukuni, su tafi su huta abinsu, mu kuma jibi Talata za mu fara zagayen fitar da gwani da Boston a nan gida, wasa uku ne, wanda ya riga cin biyu ya wuce, wanda aka ci ya tattara sai baɗi. Na san 'yan uwa a gida za su ce wai wane ne kuma "mu", yaushe ɗan Kano ya zama ɗan besbol, to wallahi da gaske nake, kuma ban san wani abu da ya taimake ni na saba da garin nan kamar wasan nan ba, in ka cire masallaci.

Lokacin da na sauka New York ban san hular nan mai harafin N da Y da samari ke sawa a Sabon Gari da Kantin Kwari ta wata ƙungiyar wasa ba ce, yawancinmu a gida a hular gayu kawai muka ɗauke ta. Wani ɗan uwa ya sauke ni a ɗakinsa a Bronx, unguwar da Hausawa suke da yawa fiye da yadda mutum zai zata, 'yan zangon Kumasi da Akara da Tamale, 'yan Nijar na Maraɗi da Damagaram, ga 'yan Gambiya da Gini da Mali, ranar Juma'a in an taso daga masallaci sai ka ji Hausa kala uku a bakin titi ɗaya. Wannan ya rage mini kewa amma bai koya mini zaman garin ba, domin a wurin aiki ba Hausa ake yi ba. Aikin da na samu na ajiye motoci ne a wani gareji da ba shi da nisa da filin Yankee, wanda in ka hau jirgi mai lamba 4 ko D ka sauka a titi na 161 ga shi nan a gabanka kamar ya faɗo maka. Abokan aikina yawancinsu 'yan Jamhuriyar Dominika ne, mutane masu kirki da son raha, amma tsakaninsu Sifaniyanci suke yi, kuma in sun juya Turanci to besbol ce, daga safe har dare, ni kuma ina gefe riƙe da makullai ina kallon bakinsu, awa goma ana hira ba ka da kalma ɗaya da za ka jefa. Wanda bai yi zaman waje ba ba zai gane nauyin wannan ba, sanyin Janairu ma da yake tsaga leɓe bai dame ni kamar shirun nan ba.

Wani dattijo ɗan Kumasi da ya daɗe yana tuƙin tasi a garin, Baba Alhaji muke ce masa, shi na kai wa kuka bayan sallar isha'i. Ya ce "ɗana, ka ga mutanen nan, ba za su tambaye ka garinku ba sai ka fara tambayarsu abin da suke so, gobe ka je ka ce su koya maka wasan." Haka na yi. Babban cikinsu, wanda ya girme mu duka, ya ɗauko kwalin kofi ya yage shi ya zana mini fili da biro a kan bonet ɗin wata mota, kusurwa huɗu, ga inda mai jifa ke tsayawa, ga mai bugu, ga mai cafkewa a tsugune a baya. Ya ce ka manta da masu gudu tukuna, ka kalli mutum biyun nan kawai, tazarar ƙafa 60 da inci 6 ce tsakaninsu, ɗaya yana jefo ƙwallo da gudun da ya kai mil 100 a awa, ɗaya yana da ƙasa da rabin sakan ya yanke shawara ya kai duka ko ya ƙyale. Daga nan na fara ganin abin kamar dambe ne, mutum biyu suna auna juna, kowa yana karanta niyyar ɗan uwansa, sauran duk 'yan kallo ne har sai an kai hannu. Zagaye tara ake yi, kowane ɓangare sai an fitar masa da mutum uku sannan a juya, kuma tun da aka sa wa masu jifa agogo a 2023 wasan ya daina jan dare kamar da, yawanci kafin awa uku an tashi, wanda mu masu gareji ya yi mana daɗi sosai don motoci na fita da wuri mu samu jirgin komawa gida.

Yanzu kam gardama nake yi da su ƙafa da ƙafa, kuma gardamar bana ta fi ta kowace shekara zafi. Babban garejin namu, wanda ya koya mini wasan, har yau bai huce da tafiyar Juan Soto ba, ɗan ƙasarsu ne, ya yi mana shekara ɗaya tak a 2024 ya taimaka aka kai wasan ƙarshe, sannan a Disamba ya tsallaka Queens wurin Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Shi a ganinsa da an riƙe Soto da gwanin bugunmu Aaron Judge bai zama shi kaɗai ba. Ni kuma ina ce masa kuɗin da ba a kashe a kan Soto ba ai da shi aka ɗauko mai jifa Max Fried, shekara 8 a kan miliyan 218, kuma ka gaya mini ina za mu kasance yau ba don Fried ba, tunda Gerrit Cole tun watan Maris aka yi masa aiki a gwiwar hannu bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba duk kakar, Clarke Schmidt ma ya bi shi a tsakiyar shekara da irin ciwon, Luis Gil da ya zama gwarzon sababbi a 2024 bai dawo ba sai Agusta. Fried ya ci wasa 19, Carlos Rodón ya ci 18, mutum biyun nan su suka ɗauki ƙungiyar a ka. Mets kuwa da Soton nasu ko shiga zagayen fitar da gwani ba su yi ba, yau ɗin nan aka tabbatar, kuma ban ce masa komai ba don na ga abin ya taɓa shi, yaron ƙasarsu ne.

Aaron Judge ba a gardama a kansa a garejinmu, sai dai a yi shiru a girgiza kai. Mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 7, lamba 99, kyaftin, wanda ya buga ƙwallo waje, wato ta tsallake katangar fili ya ci maki, sau 62 a 2022, bana kuma ya buga 53 sannan ya fi kowa yawan samun bugu mai kyau, kusan ɗaya cikin duk uku, alhali ya yi fama da gwiwar hannu a Yuli. Na taɓa samun tikiti mai araha can sama na shiga na gan shi da idona, in ya tsaya kusa da alƙalin wasa sai ka ga alƙalin ya koma yaro, kuma ƙarar da sandarsa ke yi in ta haɗu da ƙwallo daban take da ta kowa, kafin ka ga inda ta nufa mutane sun riga sun miƙe. A ɓangaren dama kuma akwai 'yan kallo masu zama a benci da suke kiran sunan kowane ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya a farkon wasa, ba sa dainawa sai ya waigo ya ɗaga musu hannu, abin ya burge ni ƙwarai. Amma ko Judge ɗin akwai abin da ake riƙe da shi, wato Oktoba, watan zagayen fitar da gwani, mutane na cewa har yanzu bai yi irin abin da ya saba yi ba a lokacin da ake kifa mutum.

Nan ne nake da ra'ayina, kuma shi ne abin da ya hana ni sakin jiki da maganar kofi. Ina bakin aiki daren 30 ga Oktoban 2024, wasa na biyar a karawar ƙarshe ta cin kofi da Dodgers na Los Angeles, muna gaba da ci 5 da nema, ihun filin har cikin gareji yake shigowa, muna kallo a wayar wani yaro da ya jingina ta da na'urar karɓar kuɗi. A zagaye na biyar Judge ya saki ƙwallon da ta zo masa hannu, Anthony Volpe ya yi jifa marar kyau zuwa kusurwa ta uku, Cole bai ruga ya tare kusurwar farko ba, kafin ka ce kwabo an farke biyar ɗin duka, aka tashi 7 da 6, Dodgers suka ɗaga kofi a filinmu. Mutanen da suka zo ɗaukar motocinsu daren nan ko gaisuwa ba sa iya amsawa, wani dattijo da jikansa ya miƙo mini tikitin mota hannunsa na rawa. Ba ƙarfi aka fi mu ba ranar, ƙananan abubuwa ne da ake koya wa yara a filin Macombs Dam da ke tsallaken titi, kuma bana ma na ga irinsu sun maimaitu a Yuni da Yuli da Agusta lokacin da ƙungiyar ta yi ta zubewa har Toronto ta wuce mu. Yankees sun fi kowa buga ƙwallo waje a bana, ba musu, amma a Oktoba kowace ƙungiya gwanayen jifanta take fitowa da su, ba za ka samu ragwaye ka yi ta dukansu ba, dole ka iya tsaron fili ka iya gudu da hankali.

Volpe shi ne wanda ake ci da baki fiye da kowa. Yaran garejinmu cewa suke a zaunar da shi a sa José Caballero da aka ɗauko daga Tampa, ni kuma tausayinsa nake ji, yaro ne da ya tashi yana son ƙungiyar nan, ya samu kyautar gwanin tsaro a shekararsa ta farko, kuma an bayyana cewa da ciwon kafaɗa ya yi ta wasa tun watan Mayu. Laifin a wurina na masu sa shi ne kullum ba hutu. Baba Alhaji shi kam kai tsaye yake cewa matsalar koci ce, Aaron Boone yana nan tun 2018, Brian Cashman yana riƙe da ragamar sayen 'yan wasa tun 1998, ƙungiyar da ta ci kofi 27 amma rabonta da shi tun 2009, shekarar da aka buɗe sabon filin. Ya ce shi ya ga zamanin Mariano Rivera, ɗan Panama, mai jifan da ke rufe mana wasa, in aka buɗe ƙofa ya fito a zagaye na tara sai ya kashe rediyon tasi ya ci gaba da neman fasinja don ya san an gama.

To wannan ƙarshen wasan shi ne ainihin fargabata. An ɗauko Devin Williams daga Milwaukee don ya riƙa rufe wasa, har ma a Fabrairu aka soke dokar hana gemu da ƙungiyar ta daɗe a kanta tun zamanin tsohon mai ƙungiyar George Steinbrenner, abin da ya faranta mini rai ba kaɗan ba, ni da na sha ganin ana kallon gemuna a wuraren neman aiki. Amma tun Afrilu abin ya ƙi masa, aka karɓe aikin daga hannunsa, Luke Weaver ma wata rana lafiya wata rana a dake shi. Sai ƙarshen Yuli aka kawo David Bednar daga Pittsburgh da Camilo Doval daga San Francisco. Bednar ya kwantar mana da hankali gaskiya, in ya shigo ina iya zuwa in fito da mota ba tare da na riƙa leƙen waya ba, amma zagaye na bakwai da na takwas kafin a kai gare shi nan ne ake zubar da wasa, kuma nan ne Boone yake yawan cire mai jifa yana tsaka da kyau.

Boston kuma ba kanwar lasa ba ce, sun fi cin mu a haɗuwar bana, kuma Garrett Crochet da za su fara da shi bahago ne mai wahalar bugu, ina jin wasan farko zai yi mana tsauri ko da Fried ne a namu ɓangaren. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne duk wasannin a Bronx za a yi, ƙungiyar ta rufe kaka da nasarori a jere, Giancarlo Stanton mutumin Oktoba ne, Cody Bellinger da Jazz Chisholm suna cikin yanayi mai kyau. In aka kai wasa na uku ni Cam Schlittler nake so a ba ƙwallo, yaron da sai a Yuli ya fara, ɗan jihar Massachusetts ne ma, can yankin Boston ɗin, jifansa na taɓa mil 100 kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba. Dattijonmu ya ce Gil ya fi shi gogewa, na ce gogewa ba ta hana shi sakin masu bugu su wuce kusurwar farko kyauta ba, muka rabu a haka kowa na kan bakansa.

Hasashena dai za mu wuce Boston da ƙyar, biyu da ɗaya, sannan mu je Toronto inda bana ba mu ji daɗin filinsu ba ko kaɗan, kuma su ba sa yawan kuskure, ba sa kai duka a banza, Vladimir Guerrero ƙarami yana jiran mu. A can nake ganin za a gane ko an gyara abin da ya kashe mu bara ko ba a gyara ba. Na riga na roƙi a ba ni aikin dare Talata da Laraba, na kuma gaya wa ƙanina kada ya kira ni da maganar Arsenal sai bayan Alhamis, in Allah ya kai mu.