Akwatin Baffa da fadamar da ta kuɓuce mana

Ƙannena, musamman ku da kuke birni kuna karatu ko neman na kanku amma tsofaffinku na ƙauye, dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan. Abu ne da ya faru dani, kuma har yau in na tuna sai inji ƙirjina yayi nauyi.

Baffana, yayan mahaifinmu, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Bichi. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, allo yayi, amma ajami kam yana rubuta shi tsaf. Gero, dawa, wake, gyaɗa da ƴan tumakinsa, rayuwarsa kenan tun yana gandun babansu har ya zama shi ne mai gandun. Sannan duk dangi in an rikice kan wane ɗan wane ne, ko wacce gona ce gado wacce ce aro, sai kaji ance a tambayi Baffa. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ciki akwai rasitan haraji tun zamanin En'e, da ƴan takardu na ajami inda yake rubuta haihuwa da aure da rasuwa, da wasu da ya gada a wajen kakanmu.

Kuskurena na farko shi ne “sai na dawo”. Duk sallah zan je gida, bayan isha'i ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya fara, ni kuma ina gefe ina danna waya ina cewa na'am Baffa, haka ne Baffa, alhali rabin maganar ma bata shiga kunnena ba. Ya sha ce min, kai ɗan boko, kawo littafi ka rubuta, ni kaina ya fara yoyo. Ince insha Allahu Baffa in na dawo babbar sallah. Babbar sallah tazo ta wuce, wata ma tazo, haka muka yi ta yi shekara da shekaru.

Da na tashi yi kuma sai nayi shi ba daidai ba. Na zaunar dashi a ɗaki na kunna rikodin na ajiye waya a gabansa nace to Baffa jero min sunayen kakanni daga sama har ƙasa, kuma wacce shekara aka haifi kowa. Tsoho ya kalli wayar ya kalle ni ya faɗi sunaye biyar yayi shiru, yace shekara kuma sai Allah. Na tashi ina ganin kamar ya fara mantuwa, ashe ni ne ban iya tambaya ba. Baffa a gona bakinsa ke buɗewa. In kuna tafiya kan iyaka yaga ɗorawa zai ce wannan kakanku ne ya barta lokacin da yayi sassabe, waccan kukar a gindinta aka raba gado, layin gamban nan shi ne tsakaninmu da gidan su wane kuma an taɓa hawa gaban dagaci a kansa, daga nan labari ya ɓalle har rana tayi tsaka baku sani ba. Ku bi tsohonku gona, ku riƙe masa fartanya ko buta, ku bar shi ya fara da kansa.

Batun shekara kuwa daga baya na gane suna da nasu lissafin kuma yafi namu zama a kai. Basa cewa alif kaza, cewa suke shekarar kaza. Aikinka kai mai boko shi ne ka san waɗannan shekarun ka ɗora. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Naɗin Sarki Ado Bayero 1963. Kisan Sardauna Janairun 1966. Daina fam da sule aka koma naira 1973, kuma shekarar ce aka yi babban fari. Cutar da ta kashe gyaɗa 1975, wadda daga ita noman gyaɗa a ƙasar Kano bai ƙara komawa yadda yake ba, dalar gyaɗa ta zama labari. Soke haraji da jangali da gwamna Rimi yayi 1979. Canjin kuɗin Buhari 1984. In tsohuwa tace maka ina goyon babanka aka kashe Sardauna, ai ta gama baka shekarar haihuwarsa. Ni da na san wannan tun farko da ban fita ɗakin nan da sunaye biyar kacal ba.

Akwai kuskuren da yafi min ciwo, shi ne nake so ku fi riƙewa. Baffa ya faɗa min ba sau ɗaya ba cewa kakansa daga ƙasar Damagaram ya gangaro lokacin Kakalaba, shi da matarsa da jaki ɗaya, sun binne yara biyu a hanya, ya zauna yana ƙwadago a gonakin mutane har dagaci ya yanka masa daji yace ya sare. Asalinmu kenan. Ni kuma a lokacin ina ganin abokai a Facebook kowa na jero salsalarsa, wannan jikan sarki, wancan jikan waliyyi daga Barno, sai naji kunyar ince mu yunwa ce ta koro mu. Na rubuta cewa kakan Baffan nan malami ne da yazo yaɗa ilimi. Wani ɗan uwa ya karanta wa Baffa. Da naje gida bai yi min faɗa ba, cewa kawai yayi, mutumin da ya sare dajin da kake ci yau shi kake jin kunya? Wallahi ban samu bakin amsa ba. Na goge rubutun amma wasu ƙannenmu sun riga sun kwafa, har yau akwai mai faɗin labarin malamin nan a matsayin gaskiya, kuma ni na ƙirƙire shi. In asalinku maƙera ne, ko mahauta, ko an kamo kakar kakarku a yaƙi, ku rubuta yadda aka faɗa muku, wanda ya faɗa ma ku sa sunansa da ranar da ya faɗa.

Ɗan rikodin ɗin da nayi ma, da wasu biyu da na ƙara daga baya, duk a waya ɗaya suke, ban tura wa kowa ba ban kwafa ko'ina ba. Aka zare wayar a aljihuna a tasha, muryar Baffa ta tafi da ita. Ku tura a WhatsApp na dangi a ranar, ku sa a imel, sannan ku zauna ku rubuta a littafi da biro.

Yanzu fadamar. A farin 1973 rumbunan gidanmu sun ƙare tun kafin bazara, kakanmu ya bada gonar fadamarsa jingina ga wani maƙwabci ya karɓi hatsi da ɗan kuɗi, da sharaɗin duk ran da aka mayar za a karɓi gona. Ka san yadda jingina take, mai kuɗi na nomawa, gona na nan ta mai ita ko shekara nawa za a yi. Kakanmu ya rasu bai fansa ba, Baffa kuma kullum yana cewa takardar na cikin akwati da sunan shaidu uku, in Allah ya hore a fanso. Ni ne mai albashi a gidan, ni ya kamata in ce Baffa tashi muje a yi ta a gaban mai unguwa tun kana raye, ko aƙalla in buɗe akwatin in ɗauki hoton takardar. Minti biyu ne aikin, kuma ban yi ba.

Da Allah ya karɓi abinsa, bayan sadakar bakwai aka rufe ɗakin, akwatin na ciki a ƙasa, damina biyu soron na zuba ba wanda ya leƙa. Ran da muka tashi neman takardar muka buɗe, gara ta shiga ta inda tsatsa ta huda gindin, abin da muka tarar ƙasa ce da guntayen takarda, sai rasitan haraji ƙwaya kaɗan da suke cikin leda. Muka je wa magadan maƙwabcin da maganar fansa suka ce su babansu ce musu yayi saye ne. Kuma ni ban ce ƙarya suke ba, su ma abin da suka ji kenan, an haife su sun ga ana noma wajen. Shaidu ukun duk sun rasu. Aka zauna gaban dagaci, aka tambaye mu hujja, babu, ko alƙali muka je abin da zai tambaya kenan. Muka haƙura. Fadamar da yanzu ake albasa da tumatir da rani, ga ƙannena biyu suna tafiya cirani Legas saboda gonar tudun da ta rage in an raba ba ta isar kowa.

Kuma tsawon wannan lokacin duk ban taɓa zama da Goggo ba, ƙanwarsu Baffa, saboda a kaina tarihi na maza ne a zaure. Sai da maganar auren wani ƙanena da ƴar dangi ta taso, har an kai gaisuwa, Goggo ta aiko tace a dakata, yarinyar ta sha nonon mahaifiyarsa wata da watanni lokacin da uwarta ke kwance ba lafiya. Ba namijin da ya san wannan, ko akwatin Baffa babu shi. Ita ta san dangin uwa, ta san wa ya shayar da wa, wa aka ba riƙo, wacce ta fita ta auri wa a wane gari, har waƙar niƙa da kakarsu ƴar Damagaram ke yi tana iya rerawa.

Na taɓa zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ina fatan in cike giɓin. Akwai rahotannin da turawa suka rubuta kan gundumomi saboda haraji, zaka ga sunan gari da dagaci da abin da ake nomawa, yana da amfani kuje in kun samu hali, amma sunan mutumin da yazo da jaki ɗaya baya ciki.

Goggo yanzu kunnenta yayi nauyi, sai ka matso ka ɗaga murya, kuma bata son hira sai bayan la'asar in ta gama lazimi. Duk sati biyu nake hawa mota in je da littafina da goronta. Wancan zuwan mun tsaya a kan ƴaƴan kishiyar kakarmu su bakwai, ta kawo shida, na bakwan tace in bari ta kwana dashi zai faɗo mata. Jumma'ar nan zan koma in ji.