Lahadi, da maganar da Auta ya yi mini a kicin

Bayan asuba na koma barci, ban sake sanin inda kaina yake ba sai wajen tara. Jiya Abbansu da Auta sun hana gidan sakat har dare a kan wasan ƙarshe na gasar duniya ta dats, wasan nan na jifan allo da 'yan ƙananan kibiyoyi. Ni ina gefe ina tsince busasshen zogalen da Yaya ta aiko, su suna ta ihu. Luke Littler ya lallasa ɗan Holan ɗin nan, Gian van Veen, 7 da 1, ya ɗauki kofin duniya karo na biyu a jere, da fam miliyan 1. Yaron da sai ranar 21 ga Janairun nan na 2026 zai cika shekara 19. Abin da ni na riƙe a kallon shi ne 'yan kallon Alexandra Palace, zauren da ake gasar a London, magidanta da gemunsu sun yi shigar ayaba da ta kaji, kowa da kofi a hannu, suna waƙa ba kai ba gindi.

Sanyi yau ba a magana. Ummi tana ta haɗa kaya, jibi za ta koma makaranta, ta kwashe mini rabin yajin da nake ji da shi. Injin wanki ya sake yin ƙarar nan tasa.

Da rana ina kicin ina yanka albasa Auta ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Kun san shi, in ya tsaya yana wasa da igiyar rigarsa, to akwai magana. Na ɗauka kuɗi ne. Sai ya ce, "Umma, ina so in gaya miki wani abu, amma don Allah ki bari in gama kafin ki ce a'a."

Na ce ina jin ka.

Ya ce yana so mu sa shi a makarantar koyon dats ta yara da ke kusa da mu, ran Asabar-Asabar. Kuma in ya cika 16 yana so ya fara shiga gasar matasa ta PDC, hukumar da ke shirya manyan wasannin.

Dariya na fara yi. Na ce wato jiya ka ga miliyan, yau ka tashi da buri. Na ce kowane yaro a nan Ingila yau da safe Littler ne, kamar yadda a Kano in Super Eagles suka ci wasa washegari ba ka samun hanyar wucewa a lungu. Na shirya jawabina tsaf, irin wanda na yi wa Ummi lokacin da ta ce ita mai zanen kaya za ta zama. Na ce Littler ɗaya ne, tun bai iya magana sosai ba, yana da wata 18, yake jifa da kibiyar maganaɗisu. A Warrington ya tashi, nan kusa da mu, amma iyayensa sun yi shekaru suna jigilarsa zuwa St Helens wajen koyo. Yana 16 ya kai wasan ƙarshe na duniya a 2024, Luke Humphries ya doke shi, shekara ta zagayo ya dawo ya doke Michael van Gerwen. Na ce irin wannan baiwa ce, Allah ke ba wanda ya so, kai kuwa allonka bai daɗe a bango ba. (Kada ku yi mamakin yadda na san duk wannan. Wanda ke cin abinci tebur ɗaya da Auta ko bai so ba sai ya haddace.)

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Umma, ni ban ce zan zama Littler ba. Na san ba zan zama ba. Kati nake so."

Nan na ajiye wuƙar.

Ya ja kujera ya zauna ya shiga yi mini bayani a natse, babu rawar kai ko kaɗan. Ya ce mutum 128 ne kawai a duniya ke riƙe da katin shiga gasannin PDC. Duk watan Janairu ana yin gasar neman katin, ta 'yan Birtaniya da Ireland a Milton Keynes, ta sauran Turai a Jamus, ɗaruruwan mutane su biya kuɗin shiga, 'yan ƙalilan su samu. In ka samu, na shekara biyu ne. In shekara biyun ta cika ba ka cikin 64 na sama a jerin kuɗin da aka ci, an karɓe, sai ka koma layi. Ya ce yawancin wasannin ma ba a talabijin ake yin su ba, a manyan ɗakunan wasanni ne a Wigan ko Leicester, ba 'yan kallo ba kiɗa, ka biya kuɗin motarka da na masauki, in an fitar da kai a zagayen farko ka koma gida hannu rabbana.

Na ce to kai da ka san duk wannan, me ya kai ka?

Ya ce shi ya sa ba zai bar karatu ba. Ya ce Jonny Clayton yana aikin filasta a ƙaramar hukumarsu a Wales lokacin da ya ci Firimiyar dats a 2021. Rob Cross mai gyaran wutar lantarki ne kafin ya doke Phil Taylor a wasan ƙarshe na 2018. Humphries kansa rufin gidaje yake yi da. Sai ya kawo wanda na san tun farko shi yake ajiye mini, ɗan Kenyan nan David Munyua, likitan dabbobi, da ya zo gasar duniya watan jiya ana cin sa 2 da nema ya farke ya fitar da Mike De Decker. Ranar nan har ni na tashi tsaye, ban ɓoye muku ba. Auta ya ce, "Kin gani, likita ne, kuma ya taka dandalin. Ni ma zan yi sana'ata, in yi jifana."

Ban san me ya sa ba, gabana ya faɗi. Da cewa ya yi zai ci miliyan, da na shafa kansa na ce Allah ya ba da sa'a, na san kafin azumi ya manta, kamar yadda ya manta da keken nan da ke ruɓewa a bayan gida. Amma yaron nan ya zauna ya auna abin. Ya san inda ake faɗuwa, ya san nawa ne ke tsira, ya ma san matsayin kansa. Na tambaye shi nawa yake ci a jifa uku in an daidaita, ya ce bai kai 60 ba tukuna, masu neman kati kuwa sai wajen 85 zuwa 90, su Littler suna haura 100. Bai ƙara wa kansa ko ɗaya ba. Yaron da in na tambaye shi ko ya yi aikin gida sai ya yi ta kewaye-kewaye.

Don in kama shi na ce to malamin lissafi, in saura maka 121 fa? Ko numfashi bai ja ba ya ce ninki uku na 20, ninki uku na 11, ninki biyu na 14. Na ɗauko waya na buga: 60 da 33 da 28. Daidai. Na ce 87. Ya ce ninki uku na 17, ninki biyu na 18. Wannan shi ne yaron da malamarsa ta rubuto mana cewa hankalinsa ba ya zama a ajin lissafi. Wasan daga 501 ake farawa a yi ta ragewa har a kai sifili cif, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa siririn zoben nan na ninki biyu ko tsakiyar allo, saboda haka duk jifa da lissafinta, kana tsaye mita 2.37 daga allo mutane na kallonka. Har ya ƙara mini da wanda ban tambaya ba: Taylor kofin duniya 16 ya ci, na farko a 1990, na ƙarshe a 2013, kuma in Littler yana so ya kamo shi, ko da zai ci duk shekara ba fashi, sai a 2040, yana da shekara 32. Ya ce shi a ganinsa zai iya, in bai gaji da abin ba. Na ce kai dai ka ji da naka.

Sai na faɗi abin da ke raina tun farko. Na ce Auta, ina ake yin wasan nan? Ba a mashaya ba? Ƙananan gasannin unguwa a ƙasar nan ai can ne gidansu. Kofin duniyar da kuka kalla jiya, sunan kamfanin caca ne a jikinsa, a bango, a allon talabijin, ko'ina. Littler lokacin da ya fara tashe ko shekarun sayen abin da ake sha a zauren bai kai ba, amma a tsakiyarsu ya tsaya. Na ce ni ban haife ka don in riƙa jiran ka a ƙofar mashaya ba.

A nan ne kawai ya rasa amsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yaran da rana ake yi, iyaye na zaune. Na ce yanzu ke nan, in ka girma fa? Ya yi shiru, can ya ce, "Ban sani ba, Umma." Ya tashi ya wanke hannu ya kama yanka mini tumatir ba tare da na sa shi ba. Da ya yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Abincin bai yi daɗi ba, gishiri ya yi yawa. Ba wanda ya ce komai sai Ummi.

Bayan la'asar Yaya ta turo saƙon murya, wai ta ga hoton wani yaron Bature da ƙaton kofi an ce ya ci kusan naira biliyan 2 da jifa kawai, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne. Ta ce to me Auta yake jira, ai tun yana ƙarami ba ya kuskuren mangwaron maƙwabta. Na yi dariya har da hawaye. Ban gaya mata maganar kicin ba, don kafin magariba sai ta kai Gwammaja da Fagge.

Magaribar ma ƙarfe huɗu ta yi. Ranakun nan ba su da auki.

Da daddare na kwashe komai na gaya wa Abbansu. Ashe ya sani. Ashe tun makon jiya suka yi maganar a mota, shi ne ya ce masa ya je ya same ni da kansa. Na ce wato ni ce hukuma. Ya ce a'a, ke ce majalisar ɗinkin duniya. Sai ya gyara zama ya ce ai harbi da kibiya sunna ne, har hadisi ya halatta sa kyauta a gasar harbi da tseren doki da na raƙumi. Na ce Malam, kibiyar yaƙi ake nufi, ba wannan 'yar tsinken da bai kai biro ba, kuma ba a zauren da ake wanka da giya ba. Ya ce zai tambayi liman ran Juma'a. Na san fuskar da liman zai yi.

Daga baya ya daina wasa. Ya ce shi abin da yake gani, yaron nan tunda muka zo ƙasar nan bai taɓa cewa ga abin da yake so da bakinsa ba, kullum sai abin da aka zaɓa masa. Ya ce in muka hana shi a sarari zai yi a ɓoye, kuma a ɓoyen ne zai ƙare a inda nake tsoro. Gara muna tsaye a kansa. Dokar ƙasar ma ba za ta bar shi ya ajiye karatu ko koyon sana'a ba sai ya kai 18, saboda haka akwai lokaci. Na ce duk na ji, amma ba kai za ka amsa tambayar Hajiya ba in ta ji jikanta ya zama ɗan wasan mashaya. Ya ce Hajiya ai uwarsa ce, shi zai amsa. Na ce a waya dai ni take kira.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sharaɗi ɗaya na kafa tun yanzu, sakamakon lissafi na zangon nan ya tashi, tunda dai an tabbatar kan yana aiki.

Ya ce Asabar zai kai shi su ga wurin, su ga su wane ne ke koyarwa. Na ce da ni za a je. Ya tuna mini ina da aiki Asabar. Na tura wa abokiyar aikina saƙo ko za ta karɓar mini in yi mata Lahadi, ta karanta tun ɗazu, har yanzu ba ta ba ni amsa ba.