Yawon ɗanɗana abincin titi a Bankok: abin da za ka faɗa wa jagora kafin a fita

Yawancin irin wannan yawo a Bankok, babban birnin Tailan, da yamma ake yinsa, awa 3 zuwa 4, a ƙafa ko a tuk-tuk, wato adaidaita sahunsu. Ana tsayawa wuri-wuri a ci kaɗan-kaɗan, don haka ka fito da yunwa, kada ka cika ciki a tsayawar farko. Ka riƙo kuɗi a hannu, ƙananan takardun bat (kuɗin ƙasar) na 20, 50 da 100. Ka kauce wa Litinin, ranar da masu sayarwa da yawa ba sa fitowa.

Babbar magana ga Musulmi ita ce alade. Tun lokacin biyan kuɗi ka shaida wa jagora cewa halal kake ci. Idan sai an isa Yaowarat, unguwar 'yan China, ka faɗa, to kallo za ka sha. Naman da ido ke gani mai sauƙin kauce wa ne. Tsiren nan mai ƙamshi da ake gasawa a kan gawayi, mu ping, alade ne, kalmar "mu" ma alade take nufi. Inda ake faɗawa tarko shi ne romo da mai: miyar taliya ko da kaza ko kifi aka ɗora a kai, sau da yawa da ƙashin alade aka dafa romon, wasu kuma da kitsensa suke suya. Taliyar da ake kira ta kwale-kwale da jini ake kaurara romonta. Cewa "mai sai mu", kada a sa alade, ba ya canza tukunyar da ta kwana a wuta.

Shi ya sa na fi son a nemi yawon da zai bi ta Bang Rak, wajen Masallacin Harun kusa da titin Charoen Krung. Ka duba tambarin halal ko alamar wata da tauraro a jikin rumfa. A can za ka samu khao mok kai, shinkafa rawaya mai kurkum da cinyar kaza, da roti da ake soya shi da ayaba da ƙwai a kwarara masa madarar gwangwani.

Som tam kuwa a gabanka ake daka shi a turmi: ɗanyar gwanda yankakkiya, tafarnuwa, lemun tsami, ruwan kifi mai gishiri, sukari, gyaɗa da barkono. Ko kai gwanin yaji ne, fara da barkono ɗaya ko biyu, ka ce "phet nit noi", yaji kaɗan. Ka ƙi wanda aka sa wa ɗanyar ƙaguwa ko ruɓaɓɓen kifin nan pla ra, su ne suka fi ɓata wa baƙo ciki.

Rumfar da 'yan gari suka yi layi, abinci na sauka daga kasko da zafinsa, ita ce taka. Ruwan kwalba za ka sha. Ƙanƙara mai rami a tsakiya ta masana'anta ce, ita ce za ka yarda da ita. Idan tafiyarka ta faɗo Afrilu ko Mayu, ka bar wuri a ciki don mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa.