Kwaɗon mangwaro da abarba: yadda ake haɗa salsa a gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke kai digiri 40, mangwaro yakan cika gari. Ko ta Ƙofar Ƙaura ka bi ko ta Ƙofar Marusa, za ka ga masu baro sun jera shi tsibi-tsibi, haka ma a Daura. Yawancinmu shan sa kawai muka sani, ko a markaɗa a yi lemo. Amma akwai wani haɗi da ake yi da shi wanda bai shiga gidajenmu sosai ba, alhali duk kayansa suna kasuwarmu. Sunansa salsa.

Kalmar ta Sifaniyanci ce, ma'anarta miya. A ƙasar Meziko ana yin wata ɗanya da tumatir da albasa da barkono da lemun tsami da gishiri, ba ta ganin wuta ko kaɗan. Ta 'ya'yan itace ita ce wadda mangwaro ko abarba ya maye gurbin tumatir. Uwargida, kada sunan ya ruɗe ki. Ki tuna albasa da tumatir ɗin da mai tsire ke yayyankawa a kan nama kafin ya naɗe takarda. Aikinsu ɗaya da salsa: su yanke maiƙo, su hana nama ginsar mutum. Shi ya sa na fi son kiranta kwaɗo. Ba abin sha ba ce da ake zuba wa madara bayan an gama cin abinci, mahaɗin abinci ce, kuma dole a ji zaƙi da tsami da yaji da gishiri a cikin cokali ɗaya.

Rabin aikin a kasuwa yake ƙarewa, wajen zaɓen mangwaro. Ƙaramin nan mai zare, duk da zaƙinsa, na tsotsa ne, wuƙa ba ta iya fitar da shi gutsi-gutsi. Ki nemi babba mai tsoka, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Ki danna shi da babban yatsa kusa da hanci, wato inda yake manne da reshe: in ya ɗan lotsa kaɗan, ya yi. In yatsa ya nutse, ya wuce, zai dame a kwano ya koma kunu. In kuma ya yi tauri kamar dutse, ki sa shi cikin takarda tare da ayaba nunanna kwana ɗaya ko biyu, domin ayaba tana fitar da wata iska da ke gaggauta nuna. Ki sansana gindin hancin, mangwaron da ya nuna da kansa a nan ƙamshinsa yake. Launi kuwa yana yaudara. Akwai mai zama kore har ya nuna, akwai kuma wanda aka dafa da kabaid, sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Irin wannan za ki gan shi rawaya fes a waje, babu ƙamshi, cikinsa kuma tsami da bauri. Ki bar wa mai shi kayansa.

Abarba halinta daban ne. Da zarar an cire ta daga gona, zaƙinta ya tsaya ke nan, ajiya ba ta ƙara mata komai sai laushi da tsami. Tun da daga Kudu ake ɗauko mana ita, ta kuma kwana a mota, sai an duba da kyau. Ki ɗauka ki ji nauyinta, ki juya gindin ki sansana. Ƙamshin zaƙi ake nema. In kin ji ta fara bugawa kamar abin da ya kwana ya yi tsami, ko gindin ya jiƙe ya yi baƙi, ta fara lalacewa daga ciki.

Ga ma'aunin da zai ishi mutum biyar zuwa shida. Mangwaro manya 2, wanda bayan yanka zai ba da kofi biyu. Kwatan abarba, kofi ɗaya ke nan. Rabin jar albasa matsakaiciya. Jan tattasai 1. Attaruhu 1, ko rabi in akwai yara. Rabin kokwamba. Ruwan lemun tsami babban cokali 3, wato lemo uku zuwa huɗu gwargwadon ruwansu. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ganyen na'a-na'a kamar guda 10. Masu abin suna sa ganyen koriyanda, amma ba kullum ake samun sa a nan ba, kuma na'a-na'a ta fi dacewa da bakinmu. Lawashi ɗanye ma yana yi. Abin da za ki riƙe shi ne, 'ya'yan itace su rinjayi sauran kayan sosai. In albasa da tattasai suka yi yawa, kin yi salak ne.

Ki wanke komai da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta taɓa shi, har abarbar da za a fere, domin wuƙa ce ke kwasar dattin ɓawo ta shigar da shi cikin tsoka. Wannan abinci ne da ba a dafawa, kuma lemun tsami ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda mutane ke zato. Katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai, kada ya zo kusa. Ki kuma wanke danƙon da ke hancin mangwaro sosai, shi ne ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a leɓe.

Da albasa za ki fara, don tana bukatar lokaci. Ki yanka ta ƙanana sosai, kamar ƙwayar shinkafa, ki zuba a ruwan sanyi minti goma, ki tsane a gwagwa. Abin da ke sa ido hawaye shi ne ke sa ɗanyar albasa ta yi yaji ta daɗe a baki, kuma ruwa yana wanke mafi yawansa ya bar ta da garas-garas ɗinta. Wadda ta tsallake wannan mataki, bayan awa ɗaya duk kwanon albasa zai riƙa wari, mangwaron ma ba za a ji shi ba.

Attaruhu kuma ki tsaga shi biyu, ki kankare 'ya'yan da farin jijiyar da suke manne a jiki da bakin cokali. Zafin ba a cikin 'ya'yan yake ba kamar yadda ake faɗa, a wannan farin jijiyar ya fi taruwa. In kin cire ta, ƙamshin attaruhun zai fito, wanda shi kansa yana da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace, shi ya sa yake jituwa da mangwaro fiye da busasshen barkono. Ki yanka shi da wuƙa, siriri iyakar iyawarki. Kada ki jajjaga a turmi, kada ki sa a blanda: jajjage yana sakin ruwan yaji ya game ko'ina, a rasa wurin da harshe zai huta. In hannu ya ɗauki raɗaɗi, ki shafa man gyaɗa sannan ki wanke da sabulu, don sinadarin yajin a mai yake narkewa, ruwa zalla ba ya ɗauke shi.

Yanzu mangwaro. Ƙwallonsa faffaɗa ne, don haka ki tsayar da shi a kan gefensa, ki zura wuƙa ta bi jikin ƙwallon ta fitar da kunci ɗaya, ki juya ki fitar da ɗayan. Ki ɗora kunci a katako, ɓawo a ƙasa, ki tsattsaga tsokar a tsaye da a kwance ba tare da kin huda ɓawon ba. Ki tura ɓawon daga baya, sai gutsattsarin su miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya, ki share su da wuƙa su zuba. Girman kowane ɗaya kada ya wuce ƙwayar gyaɗa. Abarba ki yanke kai da gindi, ki fere daga sama zuwa ƙasa, ki ƙwaƙule idanun, ki cire sandar tsakiya mai tauri, sannan ki yanka daidai da mangwaron. Tattasai ma haka. Kokwamba ki tsaga ta a tsaye ki kwashe 'ya'yan da cokali, domin nan ne matattarar ruwanta. Wuƙa ta kasance mai kaifi. Dakusasshiya matse 'ya'yan itace take yi, ruwan ya zube a katako tun kafin a kai kwano.

Ruwa shi ne babban abin da ke ɓata wannan haɗi. Sau da yawa za a haɗa shi da kyau, a rufe, a dawo bayan awa biyu a tarar da gutsattsari suna iyo cikin ruwa tsululu, ɗanɗanon duk ya salance. Gishiri ne ya yi wannan aiki, shi da sukari in an sa. Da zarar sun taɓa yankakken abu, sai su fara jawo ruwan cikinsa waje, kamar dai yadda tumatir ke tsatsafowa in an barbaɗa masa gishiri. Maganin abu biyu ne. Na farko, ki bar abarbar a gwagwa minti goma ta ɗige, ki ajiye ruwan a sha. Na biyu, kada gishiri da lemun tsami su shiga sai saura minti 15 zuwa 20 a ci. Wannan ɗan lokacin ya isa kayan su san juna, bai kuma kai su saki ba. In baƙi za su zo bayan Magariba, ki yanka komai da La'asar, ki ajiye kowanne a kwanonsa a rufe a firji ko a kula mai ƙanƙara, ki haɗa in an idar da sallah.

Wajen haɗawa, ki narkar da gishirin a cikin ruwan lemun tukuna, ki zuba attaruhu da albasa a ciki su yi minti biyar, sannan ki juye a kan sauran. Juyawa biyu ko uku da cokali daga ƙasa zuwa sama ta isa, ba tuƙin tuwo ba ne. Na'a-na'a a ƙarshe, ki yayyage ta da hannu, don in ta daɗe a cikin tsami baƙi take yi. Kwanon ya zama na tangaran, gilashi ko roba mai kyau. Tsami yana cin alminiyam, sai ki ji abin yana ɗanɗanon ƙarfe. Wajen matse lemo kuma ki murza shi a katako ya saki ruwa, ki tace 'ya'yan, kada ki matse har ɓawon ya fashe, daga nan ɗaci ke zuwa.

Sai ki ɗanɗana, don ma'aunin da na bayar mafari ne kawai, mangwaron yau ba shi ne na gobe ba. In kin ji zaƙi ya danne komai, ƙara lemo. In tsami ya yi yawa, ƙaramin cokali na zuma zai daidaita shi. In kin ji komai yana nan amma abin shiru, gishiri ne bai ji ba, ki ƙara ɗan kaɗan da yatsu biyu. In yaji ya yi yawa, babu abin da zai cire shi, sai dai ki ƙara mangwaro da kokwamba. Dunƙulen magi ba shi da wuri a nan, yana rufe ƙamshin 'ya'yan itacen gaba ɗaya. Ranar da lemun tsami ya yi wuya, ki jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi kaɗan ki tace mai kauri. Launin zai ɗan dushe, amma ɗanɗanon, a wurina, ya fi dacewa da naman rago.

Bayan lokacin mangwaro ya wuce, gwanda mai tauri-tauri tana maye gurbinsa, sai dai tana son lemo fiye da shi. Kankana tana yi in an tsane ta sosai aka kuma ci nan take. Ayaba ba ta yi, damewa take yi ta yi baƙi. Gwaiba sai an cire 'ya'yanta.

Akwai wani abu game da abarba da gwanda da ya kamata a sani. Dukansu suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da nama, shi ne dalilin da ya sa iyayenmu ke jefa ɗanyar gwanda a tukunyar naman da ya ƙi dahuwa, shi ne kuma ke sa harshe ya yi zafi in an sha abarba da yawa. Saboda haka kada ki zuba salsa a kan gasasshen kifi ko kaza ki rufe ki ajiye, saman naman zai yi laushi ya dame. A gefe ake sa ta, ko a zuba lokacin da za a kai baki. Kada kuma ki haɗa ta da kindirmo ko madara ki bari ta jima, ɗaci za ta yi.

Inda ta fi haskawa shi ne kusa da abu mai maiƙo da hayaƙi: balangu, tsire, gasasshen tarwaɗa, soyayyar kaza, ko naman Sallah a kwana na biyu lokacin da kowa ya fara gajiya da shi. Tana tafiya da dafa-duka da soyayyen dankalin Hausa, kuma a buɗa-baki tana sauƙaƙa nauyin ƙosai. In kina son ta zama tamu sosai, ki barbaɗa yajin ƙuli kaɗan a sama bayan an zuba a faranti. Kada ki cuɗa shi a kwano, ƙuli yana shan ruwa ya yi dambu.

Batun ajiya kuwa, zafin garinmu ba ya ɗaga ƙafa. Yankakkun 'ya'yan itace ba sa wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya ce, wanda a watan Afrilu kusan kowace rana ke nan. A firji mai sanyi, cikin roba mai murfi, za ta kai gobe, sai ki tsiyaye ruwan da ya taru ki ƙara ɗan lemo. In wuta ba ta tsayawa, ki ɗora robar a kan ƙanƙara a cikin kula, kada ƙanƙarar ta shiga ciki. Daskarewa tana fasa tsokar, in ta narke sai ruwa. Wadda ta fara kumfa, ko ta yi yauƙi, ko warinta ya canza, a zubar. In babu firji babu ƙanƙara, ki raba ma'aunin nan biyu: mangwaro ɗaya, yankan abarba biyu daga wurin mai baro da kika yarda da tsabtarsa, kwatan albasa, rabin attaruhu da lemo biyu, daidai abin da gida zai cinye a zama ɗaya.